Kwamfutar Baba Ba Ta Zuwa Bola

Jama'a, yau an ce in jefar da kwamfutar marigayi Babana, na ce wallahi ba inda za ta!

Yau ake rufe cike fom na makarantar koyon jinya. Ɗiyata Hafsat ta kunna kwamfutar, shafin ya ƙi buɗewa. Sai wani jan rubutu, wai akwai haɗari. Yarinya ta fara kuka.

Na naɗe kwamfutar a zani, muka hau mashin daga Tafoki zuwa Faskari, wurin Malam Sani mai gyara. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, burauzar nan da kuke shiga intanet da ita ta tsufa, masu ita ma sun daina kula da ita. Ki kai kwamfutar bola."

Na ce, "Malam, da ita Baba ya koya mani buga takarda. Ba ni kujera."

Na zauna ina dubawa da kaina. Can ƙasa na hango kwanan wata. Ashe kwamfutar tana shekarar da ba a ma haifi Hafsat ba! Batirin agogonta ne ya mutu. Ina gyara kwanan, shafi ya buɗe.

Malam Sani ya canza batirin. Ya sa mana burauza mara nauyi wadda har yanzu ake sabuntawa. A kan teburinshi Hafsat ta tura fom ɗinta.