Kakar da Rediyonmu Ya Koyi Tashi da Kansa

A can shekarun baya, lokacin ko aure ban yi ba, na yi aiki a wani ƙaramin gidan rediyon al'umma a Madawa. Ɗaki biyu ne da tsakar gida, sai doguwar eriya da ake hangowa daga nesa. Ni ake kira mai gyara, amma gaskiya ilimina bai wuce ɗan horon da aka ba mu a Tawa ba. Sauran duk ƙarfin hali ne.

Kwamfuta ɗaya gare mu, tsohuwa. A cikinta akwai wani porogaram da ba ya fitowa a allo, a ɓoye yake aikinsa: shi ke karɓar muryar da ta shiga mikro ya miƙa ta ga na'urar watsawa. Aibinsa ɗaya, yakan mutu ba sallama. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗan girgiza, ya mutu. Zafi ya yi yawa, ya mutu. Wata rana ma haka kawai. Kuma in ya mutu fitilu na nan suna ci, kamar komai lafiya. Dattijon da ke mana shirin manoma ya taɓa zama ya zuba bayani a kan tsutsar gero, da tarinsa da dariyarsa, ashe bangon ɗaki kaɗai ke saurare. Sai da mai shayin ƙofar gida ya leƙo ya ce, "Baba, tun ɗazu fa rediyo shiru yake."

Tayar da shi ba wuya, layi ɗaya ake bugawa a wani baƙin allo. Amma kowa tsoron allon nan yake, ni kaɗai ke taɓa shi. Da farko abin ya yi mini daɗi. Ina cikin cin tuwo za a aiko, in tashi da taƙama in hau moto, wato babur, kamar likitan da ake jira. Daga baya na gane ɗaure ni aka yi. Biki ban zauna ba, ta'aziyya a tsaye nake yi.

Ana haka kaka ta shigo, ƙanwata ta kira ni daga ƙauyenmu kusa da Urno. Ta ce ƙafafun mahaifinmu sun kumbura, duk da haka ya rantse sai ya je gona, kuma kullum sai ya tambaya ko zan zo yankan gero. Na sami diraktanmu. Da na gaya masa, ya ce, "Ka tahi, mahaifi ba abin wasa ba ne. Amma in abin nan ya mutu, wa za ya tada shi?" Ban ga laifinsa ba. Ta bakinmu mutane ke jin rasuwa, da ɓatan dabba, da ranar rigakafin yara.

Sai na kira abokina da muka yi lakkol, wato makarantar boko, tare, wanda ke aikin kwamfuta a Yamai. Da na gama bayani sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Wato kai ka mai da kanka maigadi? Ai na'urar tana da nata maigadin a ciki. Gaya mishi kawai za ka yi: in wannan ya faɗi, ka ɗan jira, ka tada shi."

Ta waya ya riƙa faɗa mini umarnin, harafi bayan harafi, rezon waya na yankewa, ina gumi. Muka gama, na ƙaddamar. Ashe na rubuta kalma ɗaya ba daidai ba, maigadin ya ɗauka porogaram ɗin matacce ne ko da ransa. Ya dinga kashe shi yana tayarwa. Dattijonmu na kan iska, muryarsa ta koma guntu-guntu, har wata tsohuwa ta bugo waya ta ce don Allah a ba shi ruwa, shaƙuwa ta kama shi.

Muka gano kuskuren muka gyara. Abokina ya ƙara mini wani umarni, don ko kuran ya ɗauke ya dawo, porogaram ɗin ya tashi tare da kwamfutar. Sannan ya ce in gwada, in kashe shi da hannuna. Na kashe. Ɗan rediyon da ke kan tebur ya yi tsit. Kafin in haɗiye yawu, kiɗa ya dawo. Dattijo ya matso da kujerarsa ya ce, "Ɗana, sake kashe shi in gani." Na kashe, ya tashi. Ya ce, "Ikon Allah! Sake." Da ƙyar na raba shi da wurin.

Washegari na kama hanyar gida. Na tarar Baba ya rame, amma bakinsa na nan. A kan amalanke muke kai shi gona, mu zaunar da shi a inuwar aduwa, rediyonsa rataye a reshe, yana gyara mana ɗaurin dami daga zaune.

Wani hantsi muna tsakar yanka, rediyon ya ɗauke. Ban san lokacin da na yar da wuƙa na nufi hanya ba, ni da ko moto ban zo da shi ba. Baba ya ce, "Ina za ka? Zamna." Ban kai ga zama ba muryar dattijo ta dawo, yana ci gaba da maganarsa.

Baba ya dube ni ya ce, "Wa ka bari can shina tsaron aikinka?"

Na ce, "Wani ne, Baba. Ba ya gajiya."

Ya kaɗa kai. "Mutumin kirki ne. In ka koma ka gaishe min da shi."

Na zauna har gero ya shiga rumbu. Muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba, ya nuna mini iyakokin gona, ya ba ni labarin yadda suka yi ta jera duwatsu a kan tudu don tare ruwa, tun ina goye. Kafin wata damina ta zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Yau irin wannan aiki ina yi wa mutane shi kafin shayi ya huce, ba ma ya kai abin ba da labari. Amma har gobe in na ga matashi yana alfahari cewa in ba shi komai tsayawa yake, sai in tuna kaina, in ji tausayinsa. Da na riƙe wannan taƙama, da kakar nan ta wuce ni, kuma ita ce ta ƙarshe.

Saƙon Baba kuwa ban ci amanarsa ba. Ranar da na koma Madawa na shiga ɗakin, na waiga na ga ba kowa, na dafa tsohuwar kwamfutar nan na ce, "Baba yana gaishe ka."