Baba Tsoro, Mai Facin Limawa

Kafin 'yan acaba su fara zirga-zirga, Baba Ndako ya riga ya share gindin mangwaron da yake facin taya a Limawa, ya cika baho da ruwa, ya zauna yana wasa wuƙarsa. Wuƙar nan ita ta jawo masa suna. Duk tayar da ya ce ta mutu, sai ya tsarge ta gida biyu a gaban mai ita, don kada wani ya tsince ta ya mayar kan titi. Shi ya sa ake ce masa Baba Tsoro. Yanzu da idonsa ya yi rauni zai ajiye aiki, ya kamata a ji abin da tsoron nan ya yi.

Theresa matar Irimiya, wani masunci a dam ɗin Tagwai, ba za ta manta ba. Damina ce, cikinta ya tsufa, kuma a haihuwarta ta baya da ƙyar ta sha. Abin da zai kai ta asibiti kawai shi ne tsohon babur ɗin mijinta, wanda tayarsa ta baya ta suɗe kamar tafin hannu. Kullum ta kalli tayar sai gabanta ya faɗi.

Ranar da suka shigo awo, Irimiya ya sayo taya 'yar gwanjo, baƙa wuluk tana ƙyalli, suka kai wa Baba ya ɗaura. Baba ya shinshina ta.

"Ɗana, taya ka sayo ko takalmin zuwa coci? Man goge takalmi nake ji."

"Haba Baba! Dubi zanenta mana, sabo fil."

Baba ya lanƙwasa ta a gwiwa, ya kira Theresa. "Maman Helen, sa farcenki nan." Ta sa. Zare ta taɓo. Ashe suɗaɗɗiya ce, aka yi mata sabon zane da ƙarfe mai zafi har aka kusa huda ta.

"Kai dai komai tsoro," in ji Irimiya. "Ɗaura min, Allah zai kiyaye."

"Zai kiyaye. Amma ba da hannuna ba. Na taɓa kwasar mutum a kan titin nan, har yau ina ganin fuskarsa."

Theresa ce da kanta ta miƙa wa Baba wuƙar.

Sai samun wata ya gagara. Babur ɗin tsohon yayi ne, an daina kawo irin tayarsa sosai. Baba ya zagaya shaguna, wannan ta yi faɗi tana gogar ƙarfe, waccan ta daɗe a ajiye har gefenta ya tsattsage. Ya dawo ya tsaya yana kallon nasa babur ɗin, wanda sa'an na Irimiya ne. Sai ya kwance tayarsa mai manyan haƙora ya ɗaura musu.

"Baba, kai fa?"

"Ni ba naƙuda zan yi ba."

Naƙudar ta zo da la'asar, ana tafka ruwa. A gangaren da ke kusa da dam, shanu suka ɓullo tsakiyar hanya. Irimiya ya take birki. Theresa ta runtse ido ta ƙanƙame shi tana kiran Yesu, tana jiran ta ji su a ƙasa. Babur ya ja taɓo, ya karkata, ya tsaya. A asibiti ta haihu, jini ya ɓalle mata aka tsayar; aka ce da a hanya ne ya ɓalle, da wani labarin ake yi. Yarinyar da ta haifa, Testimony aka sa mata.

Baba, kai ne ka yi ta takawa a ƙasa daga gida zuwa gindin mangwaro har damina ta wuce, kafin ka samu wata tayar. Kai ne aka yi wa dariya, ka haɗiye, ka ƙi sakin wuƙa. Mun gode. Allah ya saka, ya ƙara wa idonka haske.

Ku masu faci da kuke tasowa, ku ari tsoron nan. Tayar da Baba ya ba su kuwa, ta tsufa amma tana nan, Irimiya ya kafe ta a gefen kwalekwalensa. Testimony kan taka ta in za ta hau.