Ranar da Inna Ta Ƙi Shan Ruwa

Mu Kiristoci 'yan gidaje ne a Goronyo. Aikin dam yak kawo babanmu, da yar rasu munka zauna. Fada, limamin cocinmu, daga Sakkwato shike zuwa, bayan wata biyu in an yi sa'a, shi kawo muna Jibin Ubangiji, 'yar gurasar nan da munka gaskata jikin Yesu ce.

Bazarar da ciwon Inna, mahaifiyarmu, yat tsananta, anka ce za shi zo Laraba da hantsi. Tun asuba Inna ta rufe bakinta. Haka anka koya musu a ƙauyensu: ko ruwa ba a sha sai an karɓi Jibin. Ni ko ina riƙe da magani da kofi, raina ɓace.

"Inna, ki sha don Allah! An ce marar lafiya ba ya wannan azumi."

"Wa yac ce? Babban baƙo za shi shigo, ke ki rigaye shi da ƙwaya?"

Kai, tsohuwar nan da taurin kai! Hantsi ya wuce, azahar ta yi. In leƙa ƙofa, in dawo, in taɓa goshinta, in koma ƙofa. Leɓenta duk ya tsage. Tsoro ya kama ni ƙwarai: kar ta tafi ba ruwan, ba Jibin. Sai ga waya, wai motar Fada ta mutu gaba da Wurno kaɗan.

Maƙwabciyarmu ta ji ina faɗa ni kaɗai, tal leƙo ta katanga. "Ɗiyata, mi yaf faru?" Da nag gaya mata, ba ta yi mamaki ba. "Ashe azumi ta ɗauka. To, bar matsa mata." Tat tafi fadama da kanta, tak kira mijinta daga cikin albasa. Ko hannu bai wanke ba, yah hau babur.

La'asar sakaliya sunka iso, Fada a baya, ya dafe ɗan gwangwanin Jibin da ke rataye a ƙirjinshi. Ya yi ma Inna faɗa kan azumin, ko kallonshi ba ta yi ba. Maƙoshinta ya bushe, sai da yag gutsuro mata ɗan kaɗan, bai kai ƙwayar wake ba. Ta rufe ido ta daɗe.

Maƙwabciya ta raɗa min, "Wanga ɗan abu anka jira tun safe?" Ni ma a ranar haushi nike ji, ba ibada ba.

Na miƙa ma Inna kunu. "Sha, kin wuni ba komi a ciki."

Ta kurɓa sau guda don ta faranta min, tat ture kwanon. "Na ƙoshi," tac ce.

Kwana tara ta ƙara a duniya. Har yau in na shiga layin karɓar Jibin, ba na iya tsayuwa wuri guda, kuma ban taɓa shan ruwa kafin in fito gida ba.