Yaya Buba ya tafi Lagdo a madadina

Yau da safe ina tsugune ina wanke baki waya ta shigo daga Lagdo. Malam Garba ne, manomin shinkafar da ya ba ni aikin gyaran injin ban ruwansa. Ya ce, "Sali, mutumin da ka turo mana jiya, kwalekwalensu ya kife a hanyar dawowa. An fito da mutum uku. Shi ba a gan shi ba."

Mutumin da na turo ɗin Yaya Buba ne.

Duk wanda ya taɓa kawo mana aikin ƙarfe a atiliyenmu, wato shagon aikinmu, na unguwar Djamboutou ya san shi. Dogo, mai furfura a gefe ɗaya na gemu, kullum da fensir a bayan kunne. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba. Shekara goma sha ɗaya muna aiki a kan benci ɗaya, ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya.



Akwai wani ɗan inji da ya fi so a cikin kayan aikinsa. Ba ya juyawa kamar babban injin yanka mai faifai, karkarwa kawai yake yi a wuri ɗaya, shi ya sa muke ce masa mai karkarwa. Ana ɗaura masa lam a baki, ɗan zarto mai faɗin yatsu biyu. Akwai na katako, akwai na ƙarfe mai haƙoran karbur wanda ke cin ƙusa da bulon, wato ƙusa mai noti, ko da sun yi tsatsa.

Satin da ya fara ba ni injin na kashe masa lam uku. Na katako nake ɗaurawa in hau ƙusa da shi, haƙoran su goge tas. Ban iya karanta rubutun Turawa da ke jikin kwalin ba, kuma kunya ta hana ni faɗa.

Bai yi mini faɗa ba. Washegari na tarar ya ɗiga jan fenti a jikin duk na karbur ɗin. Ya ce, "Mai ja na ƙarfe ne. Kuma kada ka danne shi, bar shi ya ci da kansa. Ka riƙa kai shi gefe da gefe don kowane haƙori ya yi aiki." Bai ƙara tayar da maganar ba.

Shekarar da Inna, mahaifiyata, ta kwanta rashin lafiya, hannunta ya kumbura, awarwaron ƙarfen da take sawa ya nutse cikin nama. Mun gwada sabulu, mun gwada man gyaɗa, yatsunta sai ƙara baƙi suke yi. Na kira shi ina kuka. Ya zo a kan moto, wato babur ɗinsa, da sabon lam ko kwalinsa ba a buɗe ba. Ya zura mariƙin cokali tsakanin ƙarfen da fatarta, ya ba ni buta ya ce in riƙa zuba ruwa kada ya yi zafi. Yana yanka yana jan ta da hira da Fillanci, har ta yi dariya. Ko ƙwarzane bai yi mata ba.

Har ta rasu, in ta ji muryarsa a zaure sai ta ce a zubo wa ɗanta kunu.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya.

Aikin Lagdo nawa ne. Ni Malam Garba ya kira. Bulon huɗu ne suka yi tsatsa a gindin injin ban ruwan, a lungun da faifai ba zai shiga ba, ga tankin mai a kusa, tartsatsi zai iya tayar da wuta. Aikin mai karkarwa ne. Sai da na amsa sannan ya gaya mini gonar tana ƙetaren ruwa, sai an shiga kwalekwale.

Ina tsoron ruwa tun ina ƙarami. Ko gadar Binuwai zan haye ba na kallon ƙasa.

Shekaranjiya bayan la'asar muna rufe atiliye na ce masa, "Yaya, zazzaɓi nake ji, ban san ko zan iya tafiyar gobe ba." Ƙarya na yi. Ya taɓa goshina da bayan hannunsa, ya dube ni, ya yi murmushi.

Ya ce, "Zazzaɓin ruwa ne wannan. Zauna ka gama wa Hajiya ƙofarta, ni zan je."

Na ce, "A'a Yaya, a bari sai jibi."

Ya ce, "Shinkafar mutum tana bushewa. Sa mini batir biyun a caji."

Na sa. Ni na zaɓo masa lam biyu masu jan fenti na saka a jaka, ni na ja zif ɗin. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ya hau moto. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, kuma ko na gode ban ce masa ba.

Da na ajiye wayar Malam Garba, na ɗauki Hamadu, ƙanin Yaya, muka kama hanya. Duk tafiyar nan ina kiran lambar Yaya. Na san wayar tana cikin ruwa, amma ban daina kira ba.

Mun tarar da bakin ruwa cike da mutane. Hayaƙin banda yana tashi, mata suna juya kifi, masunta sun baza koma suna ja a hankali. Malam Garba ya riƙe hannuna ya ce Yaya ya gama aikin tun kafin la'asar, injin ya tashi, ruwa ya shiga gona. Hadarin bai yi kama da mai zuwa ba. Suna tsakiyar ruwa iska ta taso.

Aka kawo kwalekwale aka ce 'yan'uwansa su shigo a je nema. Hamadu ya shiga. Ni na sa ƙafa ɗaya, na dawo da baya. Mutumin da ya shiga ruwan saboda ni yana ciki, ni kuma na kasa shiga in neme shi. Na zauna a kan yashi ina kallonsu kamar baƙo.

Da suka dawo shan ruwa na ce wa Hamadu, "Wataƙila ya yi iyo ya fita ta wani gefen. Wataƙila yana wani ƙauye, ba waya."

Hamadu ya ce, "Sali, Yaya bai iya ruwa ba. Tun muna yara ko wanka a kogi ba ya bin mu."

Shekara goma sha ɗaya, ban sani ba.

Bayan azahar suka same shi cikin ciyawa kusa da wasu duwatsu, jakar tana rataye a ƙirjinsa. Da yake ya kwana a ruwa, malamai suka ce a yi masa sutura a can. Na riƙe buta ana yi masa wanka. Na kasa kallon fuskarsa, hannuwansa kawai na kalla.

Daga maƙabarta muka wuce gidansa a Poumpoumré. Matarsa, Adda Hajara, tana bayan labule, mata sun kewaye ta. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Adda, ni ya kamata in je. Ƙarya na yi masa."

Ta ce, "Na sani. Ya gaya mini, yana dariya."

Sannan ta ce, "Sali, bai karya ba ya fita. Ya ci abinci a can kuwa?"

Ban sani ba. Na fita waje na kira Malam Garba na tambaye shi. Ya ce ya ci, tuwon shinkafa da miyar kifi, har ya yi ƙari. Na dawo na gaya mata. Ta ce alhamdulillahi. A lokacin ne kuka ya ƙwace mata.

Mutane suna ta turo mini saƙo wai ajali ne, ba laifina ba ne. Na yarda da ƙaddara, na san kwanansa ne ya ƙare. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ban san yadda zan buɗe atiliyen nan gobe ba. Ban san yadda zan haɗa ido da 'ya'yansa mata biyu ba idan suka girma suka ji yadda aka yi.

Ya Allah, ka ga bawanka Buba, ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka gafarta masa, ka karɓe shi cikin shahidai, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Ka ba Adda Hajara haƙuri, ka raya abin da ya bari. Ni kuma ka yafe mini ƙaryar da na yi, don shi yanzu ba ni da inda zan same shi in roƙe shi.

Don Allah kada ku wuce wannan rubutun da alamar kuka kawai. Duk wanda ya karanta, ko ya san shi ko bai san shi ba, ya ɗaga hannu ya karanta masa Ƙulhuwallahu uku. In ya taɓa ɓata maka rai ka yafe masa. In kun gama tasa, ku sa ni a ciki, ina bukata.