Waƙar Dashen Shinkafar Inna

Shekarun baya, tun Faransawa na mulki, wani ɗan kasuwa ya kawo majigi garinmu Gaya da ke bakin kogi, daga Kwatano. Ya kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa, muka taru bayan magariba. Fim ɗin na mutanen Japan ne, amma sai daga baya muka san haka. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya, duk da haka mun sha dariya. Ƙauye ne na manoma, da wani ƙaton saurayi da ke bin wata yarinya yana rera waƙa, kowane lokaci sai ya zame ya faɗa taɓo.

Mahaifiyata ba ta ƙaton take ba. Matan da ke bayansa take kallo, sun jeru cikin ruwa suna waƙa, suna dasa shinkafa tsiro-tsiro. Mu kuwa watsa iri muka gada.

A shekarar ne mahaifina ya rasu, irin da ya bari kaɗan ne, in ya lalace ba mu da wani. Inna ta ce dashe za ta yi. Tun kafin mutane su fara shuka ta yafa shi a ɗan fili tana ba shi ruwa.

Ƙanenta ya ce, "Yaya, shinkafa ce fa, ba albasa ba. Irin marayu za ki yi wasa da shi?"

Ta ce, "Mutanen can ba su yi mini kama da masu jin yunwa ba."

Ranar dashe ta kafe sai mun yi waƙar, wai tana cikin aikin. Ta riƙe karin waƙar, ta zuba masa kalmomin harshenmu na Dandanci. Ni da nake ji da samartaka, ina duƙe ina amshi, masunta na wucewa a kwalekwale suna yi mini guɗa. Sau da dama na zauna daɓas cikin laka.

Ruwan kogi ya taso da wuri a shekarar. Shukar mutane da yawa tana ƙanƙanuwa ta nutse, tamu kuwa ta riga ta miƙe, kanta na sama da ruwa.

Bayan girbi kawu ya zo neman iri. Inna ta cika masa ƙwarya. Ya kai ƙofa ya juyo, murya ƙasa-ƙasa: "Yaya, waƙar fa, yaya take farawa?"

Har yau ina jinjina wa matar nan. Gari guda muka kalli fim ɗin, duk muka tashi da dariya, ita kaɗai ta tashi da abincin shekara.