Kujerar Bayan Babur ɗin Malam

Isyaku ƙanin mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana ɗan saurayi aka kawo ni gidansu daga Indabo, kuma tun a lokacin babu abin da ke shiga hannunsa ya fita yadda ya shiga. Ya taɓa kwance rediyon mahaifinsu, ya mayar, ƙusoshi suka rage a tafin hannunsa, rediyon kuwa ta ci gaba da magana. Daga nan aka ce a kai shi koyon walda. Yau rumfarsa na kusa da gadar Wudil, yana gyaran ƙofofi da amalanke da garmar shanu ta mutanen Lajawa. Ya yi furfura, ya aje tumbi, jam'i ba ya wuce shi. Aibinsa ɗaya ne: in ya ga abu a hoto, sai ya ce ai wannan ba wuya.

Da mijina Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka zo rabon gado. Da yake 'ya'yanmu duk mata ne, babur ɗinsa ya faɗa rabon Isyaku. Irin na da ne, mai kujera biyu, ta gaba daban, ta baya daban. Isyaku bai ɗauka ba, ya bar shi a zaurena a ƙarƙashin tsohuwar tabarma. In ina shara nakan ɗaga tabarmar in goge kujerar baya da bakin zanena. Nakan ce wa kaina tsabta ce. Ta gaba kuwa ko ƙura ta kai wuya ban cika ganinta ba.

Bara da kaka wani ɗalibin jami'a ya kai masa murhu gyara, ya nuna masa hoto a waya: jan babur na tsere, wanda wani tsohon kamfani na ƙasar Italiya ya ƙera guda ɗaya don gwaji, ba na sayarwa ba. Da yamma sai ga Isyaku a zaurena. Muka gaisa, ya tambayi ƙafata, na tambayi Rahinatu matarsa da yara, amma idonsa na kan tabarma.

"Yaya, na zo ɗaukar kayana. Zan mai da shi ɗan Italiya."

"To, Allah ya sa ya iya yaren."

Ya nuna mini hoton. Na duba da kyau, na ga mutumin da ke kai ya duƙa kamar mai ruku'u, bayansa kuma babu komai sai wutsiya a ɗage.

"Ina wanda za a goya zai zauna?"

"Ba a goyo a tsere, Yaya. Nauyi ne. Ta bayan nan yanke ta zan yi."

A kan kujerar nan na yi rabin rayuwata. A kai aka kai ni awo, a kai na je ta'aziyyar mahaifiyata, ina zaune a karkace ina riƙe da ƙarfen baya, don ban taɓa dafa kafaɗar Malam a gaban mutane ba. Amma mace irina, wadda ko sunan mijinta ba ta taɓa kamawa ba, ta yaya za ta buɗe baki ta ce wa ƙaninsa tana son kujera saboda yayansa? Sai na ce:

"Buhun wake fa, ina za ka ɗora?"

"Ina da amalanke."

"Rahinatu fa?"

"Ita ta ce ko da kuɗi ba za ta hau ba."

"Ka ga ɗan'uwanka Musulmi yana tafe a ƙasa da rana, ka wuce shi? Ka dai ji tsoron Allah, Isyaku."

"Kafin ya gane ni na ɓace, Yaya. Babu wanda zai ji haushi."

Ya tura babur ya tafi. Ni da ba na ƙetare gaisuwa da mutane, na wayi gari na zama mai wa'azi a kan hakkin fasinja. Har malamar Islamiyyarmu na tambaya ko ya halatta mutum ya mallaki abin hawa mai kujera ɗaya. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Barakatu, keke fa?" Na ce dama tambaya ce.

Na shiga zuwa bakin kogi sayen kifi, alhali kifi tayar mini da zuciya yake. Hanya ce kawai take bi ta gaban rumfar Isyaku. Na ga ya sauke hannuwan babur ƙasa, ya yi masa riga da ƙarfen tsohuwar ganga, ya cire salansa mai rage ƙara. Ran nan sai na hangi kujerar a kan tarin ƙarafan da masu sayen gwangwan ke kwashewa ranar kasuwa, a kife. Na tsaya na gaishe shi. Na tambayi aiki, da gajiya, da zafi, da yara ɗaya bayan ɗaya, na koma na sake tambayar aiki. Ya amsa duka. Na ce to, na wuce da kifina, na kai wa maƙwabta.

Ranar gwaji mutane suka taru a hanyar Darki bayan la'asar. Ni ma na je, wai rakiyar Rahinatu. Babur ya yi ja wur, ƙararsa ta kori awakin unguwa. Isyaku ya hau zai duƙa irin na hoton, tumbi ya ce bai san wannan ba. Ya tafi rabi a duƙe rabi a zaune, hayaƙi na bin sa. Bai yi nisa ba wani mai keke da damin rake ya cim masa, ya yi masa sallama, ya tambaye shi ko lafiya, ya wuce.

"Gwaji ne," in ji Isyaku da ya dawo yana turawa. "Su ma can ba a ranar farko suka ci ba."

Na yi dariya har na rufe baki da mayafi. Amma da na tuna gobe Juma'a ce, ranar kasuwa da za a kwashe kujerar, sai na daina dariyar na kama hanyar gida.

Da safe ina tsintar shinkafa na ji sallamar Isyaku. Ya shigo riƙe da kujerar. Ya yi mata ƙafafu huɗu gajeru, ya shafe su da ragowar jan fenti. Ƙarfen bayan da nake riƙewa yana nan, bai taɓa shi ba.

"An ce kujerar tsakar gidanki ta karye."

A kan kujerar tawa nake zaune a lokacin, lafiyarta ƙalau. Muka dube ta tare.

"Ta fara dai," na ce.

"Na so in sake mata soso, sai na ga gefen nan ya lotsa daidai mai shi. Na bar shi." Ya kawar da kai yana duban bangon zaure. "Yanzu ke ma kina da naki, guda ɗaya a duniya. Kada ki yi gudu da yawa."

"Tafi ka ba ni wuri, ɗan Italiya."

Har yau yana gyaran jan babur ɗinsa, ya ce saura kaɗan. Ni kuma a kan kujerar nake lazimi bayan magariba, a karkace, hannuna a kan ƙarfen baya. In baƙi suka tambaya, nakan ce likita ne ya ce ta fi dacewa da ƙuguna.