Inna Kulu da Ƙugiyar Babanta

Da an sallame asuba, Inna Kulu mai bandar kifi na bakin ruwa da kwandonta, a wani ƙauye kusa da Gulma. Shekara talatin ke nan tana tarbar masunta, ta saye, ta koma gida ta hura wuta. Da hayaƙin nan ta aurar da 'ya'ya biyar.

Sai kifi ya fara ƙanƙancewa. Masunta suka koma ja da gidan sauro a Tafkin Gauraka, inda kifi ke zuba ƙwai. Wata safiya ta leƙa kwandon Sama'ila, sarkin ruwan ƙauyen, ta ɗago kai.

"Wanga ba kifi ba na, ɗiyan kifi na. Ba ni saye."

"To mi za ki ci?" in ji shi.

"Ni ma shi nika tambayarka. Baɗi mi za mu ci?"

Kai, mutane! Maimakon su ji, sai suka haɗa baki suka daina sayar mata ko da babba ne. Damina guda murhunta a sanyaye, tana tallan albasar maƙwabta. Har tsiya ake yi mata, wai ga gwamnar tafki. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta janye ba. Gidan suna, gidan biki, bakin rijiya, magana ɗaya take yi wa mata: a killace tafkin, ba taru, ba harbin tsuntsu, ba saran itace, kifi ya girma ya fito gulbi da kansa. Mata bakwai masu banda suka bi ta.

Ranar da ma'aikatan gandun daji suka zo daga Birnin Kebbi jin ra'ayin jama'a, maza suka ce ba su yarda ba. Inna Kulu ta nemi izinin hakimi, ta durƙusa, ta buɗe ƙwaryarta. Ga ƙugiyar marigayi babanta ta kamun giwan ruwa, ga kifin safiyar ranar a gefe. Wallahi ƙugiyar ta fi kowanensu tsawo.

"Ranka shi daɗe, a nuna min kifin da za ya haɗiye wagga ƙugiya, in koma gida in yi shiru."

Can Sama'ila ya miƙe, ya karɓi ƙugiyar, ya juya ta a tafinsa. Ya ce da irinta ubansa ya koya masa su. Shi ya kafa turken farko na iyakar tafkin.

Inna Kulu, ke ce kika yarda murhunki ya mutu don kada ruwa ya mutu. Uwar tafki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Takardar gwamnati ta killace tafkin ba ta fito ba tukuna, kuma kin rantse ba ki fasa sintiri Argungu sai an sa hannu. Masu zama suna jiran hukuma, ku tashi ku raka ta, kowa da tafkin garinsu.

Shekara uku ke nan da kafa turakun. A watan jiya Sama'ila ya yi sallama ƙofar gidanta, saɓe da giwan ruwa da ya kama a gulbi, wajen iyaka. Ƙugiyar na bakin kifin. Ya ce, "Inna, hura wuta."